Fasinja 18 a Motar Fasinja 14: Nazarin Abin da Ya Sami Wani Direban Bas a Hanyar Kano Zuwa Zariya

Mai motar da motarsa, farkon 2023

Mutumin da wannan nazari ya shafa direba ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai iyali, mazaunin wata unguwa a gefen birnin Kano. Shekara 16 ya yi yana tuƙa motocin mutane yana kai balas, kafin Allah ya hore masa tasa a farkon 2023. Gonar gado ya sayar, ya haɗa da kuɗin adashi, ya sayi bas ƙirar Toyota Hiace 'yar Kwatano, irin wadda ake ce wa Homa a tasha. Maƙwabcina ne, ni kuma kanikanci nake koyarwa a makarantar fasaha, shi ya sa duk abin da ya taɓa motar nan sai ya biyo ta ƙofar gidana, ko da bayan aikin gama ya gama ne.

Motar ta zo da kujerunta na kamfani, na mutum 15 har da direba, wato fasinja 14, kowace kujera da bel ɗinta. Ƙafafun kujerun a ɗaure suke da bol, kuma kowane bol yana shiga ne cikin notin da kamfani ya liƙa a jikin ƙarafa masu kauri da suka gitta ta ƙarƙashin daɓen motar. Shi daɓen kansa faifan ƙarfe ne da bai kai kaurin milimita 1 ba. Ya shiga layin Kano zuwa Zariya, tafiyar kusan awa biyu, yana zuwa ya dawo sau biyu a rana idan kasuwa ta yi kyau.

Yuni zuwa Yuli 2023: cire kujerun kamfani

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabin kama aiki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli kuma ta wuce 600. An ƙara kuɗin mota, amma fasinja sun ragu, domin wanda ba dole ta sa shi ba sai ya zauna a gida.

A tashar da yake lodi, kusan duk bas irin tasa fasinja 18 take ɗauka: biyu a gaba kusa da direba, sannan layi huɗu a baya, kowane layi mutum huɗu. Kuɗin kujera ɗaya ne a tasa da tasu, man da suke sha ɗaya ne, kuɗin kamasho ma ɗaya. Ke nan a kowane sawu abokan aikinsa sun fi shi da kuɗin mutum huɗu, a yini kuma da na mutum 16. Har tsiya 'yan kamasho ke yi masa, suna ce wa motar "falon Alhaji".

A tsakiyar Yuli ya kai ta wurin wani mai walda da ya saba yi wa direbobi irin wannan aiki. Kwana biyu aka yi. Aka kwance kujerun baya duka da bel ɗinsu, ya sayar wa wani dillali, ya biya aikin da kuɗin har ya sami ragi. Sababbin kujerun benci ne masu majingina, an yi su da fayif mai kusurwa huɗu, faɗin inci ɗaya, kaurin milimita 1.2, aka ɗora katako da soso aka rufe da leda. Tazarar da ke tsakanin majinginar wannan layi da ta na gabansa ta ragu daga kusan santimita 75 zuwa 62. Da yake ƙafafun sababbin kujerun ba su dace da ramukan kamfani ba, sai aka yi musu walda kai tsaye a kan daɓen. Layin ƙarshe ya koma can jikin ƙofar baya, inda a da ake sa kaya, don haka kayan fasinja suka koma ana turawa a ɗan abin da ya rage, a bar ƙofar a buɗe a ɗaure da igiya.

Da ya zo nuna mini, na tsuguna na leƙa ƙasan motar. Zafin walda ya ƙone fentin da ke kare daɓen ta ƙasa a wuri 16, ɗaya daga ciki bai fi taƙi ɗaya da bututun man birki ba. Na faɗa masa abin da na gani. Ya ce, "Malam, duk tashar nan haka ake yi, kuma ba a ji wanda kujera ta kashe ba."

Agusta zuwa Oktoba 2023: alamun farko da gyara biyu da ba su riƙe ba

Kuɗi ya shigo yadda ya yi lissafi. Amma kafin damina ta fita, layi na uku ya fara ƙara idan aka faɗa rami. Wuraren da walda ta ƙone sun kama tsatsa, daɓen kuma ya tsage a gefen ƙafa biyu. Ba waldar ce ta ɓalle ba, ƙarfen da ke kewaye da ita ne ya gaji. Idan aka haɗa abu mai ƙarfi da siririn faifai, duk girgizar hanya a bakin mahaɗar take taruwa, tana lanƙwasa shi gaba da baya kamar yadda yaro ke yi wa murfin gwangwani har ya karye.

Gyara na farko, a watan Satumba, shi ne ƙara walda a kan tsagar. Mako uku ya yi, sabuwar tsaga ta fito a gefen sabuwar waldar.

Gyara na biyu, a watan Oktoba, mai waldar ya ce a koma bol da noti. Ya huda daɓen, ya sa bol mai kaurin milimita 8 irin na kasuwa wanda babu lamba a kansa, da 'yar wosha mai faɗin kwabo ta ƙasa. Ƙarar ta ɗauke, direban ya ɗauka an rabu da matsalar. Sai dai ramukan a siririn faifan nan suke, ba a kan ƙarafan da suka gitta ba.

A daidai wannan lokaci wasu abubuwan suka bayyana waɗanda bai danganta su da kujeru ba. Fasinja huɗu, idan aka ɗauki kowane a kilo 70, kilo 280 ke nan, ban da kayansu, kuma yawancin nauyin a bayan tayoyin baya yake. Sifirin baya ya kwanta. Tayoyin baya suka riƙa cinyewa da wuri, ɗaya ta yi ƙulu. Irin tayar da wannan mota ke amfani da ita, mai lambar nauyi 106, kilo 950 ne iyakarta, shi ma sai an ba ta iska yadda ya kamata. Ya kuma ce mini sitiyari ya yi masa sakayau idan ya cika lodi, birki kuma sai ya fara takawa tun daga nesa.

Nuwamba 2023: tara, da gyara na uku

Wata huɗu yana wuce shingaye babu wanda ya ce masa kanzil. A watan Nuwamba wani jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ya tsayar da shi, ya ƙirga kawuna, ya leƙa ciki bai ga bel ko ɗaya a baya ba. Ya rubuta masa laifi biyu: lodin wuce ƙima, wanda tararsa naira 10,000 ce a jadawalin hukumar na lokacin, da laifin bel, naira 2,000.

Direban ya ce, "Yallaɓai, ai kowa a kujerarsa yake zaune, ban ɗora wani a cinyar wani ba."

Jami'in ya amsa masa cewa ba kujerun da mai walda ya ƙera ake ƙirgawa ba, adadin da aka ƙera motar ta ɗauka ake dubawa.

Nan ne asalin matsayin doka a kan lamarin. An kafa FRSC a 1988, dokar da take aiki da ita yanzu ta 2007 ce, kuma ta fara tilasta ɗaura bel tun 1 ga Janairu 2003. Ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na 2012 sun wajabta bel a kujerun gaba da na baya. Babu mai tare direba don ya sake ledar kujera ko ya ƙara soso. Abin da ke sa canjin kujera ya zama laifi shi ne ya kai ga ɗaukar mutane fiye da ƙima, ko ya raba kujera da bel, ko ya sa motar ta kasa cika sharaɗin takardar lafiyar mota da jami'an VIO ke bayarwa. Nasa aikin ya taɓo ukun duka.

Ya biya tara, amma bai rage kujeru ba. Abin da ya yi shi ne ya sayo tsofaffin bel na cinya, mai waldar ya ɗaure su da bol a jikin fayif ɗin bencin. Ga mai leƙowa ta taga, kowace kujera ta sami bel. Ta fuskar aiki kuwa, an ƙara wa ƙafafun bencin kaya ne. A tsarin kamfani, ƙarfin da bel ya riƙe yana wucewa zuwa gangar jikin mota, ko zuwa kujerar da aka ƙera musamman don ta ɗauke shi. A nan kuwa jikin fasinja zai ja bel, bel ya ja benci, benci ya ja bol huɗu da ke cikin faifai mai tsatsa.

Fabrairu 2024: haɗarin

Da sanyin safiya, a mako na biyu na watan Fabrairu, hazo ya rufe hanya. Tsakanin Kura da Kwanar Dangora ya tarar da wata babbar mota tana jan ciki babu fitilar baya. Yana kan gudun kilomita 80 ne, ƙasa da 90 ɗin da aka ƙayyade wa bas a babbar hanya mai tagwaye. Ya taka birki, motar ta ja, ta daki bayan babbar motar a gudun da bai wuce kilomita 40 ba.

Gaban motar ya lotsa, gilashi ya fashe. Shi da fasinjan da ke bakin ƙofar gaba suna ɗaure da bel na kamfani, ƙujewa kawai suka yi. Ɓarnar a baya take. Mutum huɗun da ke layin ƙarshe babu wanda ya ɗaura bel, suka taho gaba ɗaya suka daki majinginar layi na uku. Majingina ta zama kamar mariƙin da ake ɓanɓare ƙusa da shi: ƙafafun baya na bencin suka ɗago, bol da wosharsu suka ratso ta daɓen suka fito. Bencin ya kifa gaba da mutanen da ke kansa, ya danne su a jikin layi na biyu, wanda shi ma ƙafarsa ɗaya ta tsinke.

Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya karye a cinya, wani dattijo ya karye a ƙwauri, wata mata ta rasa haƙora uku ta kuma tsage a haɓa. Ɗalibin yana cikin mutum biyun da suka ɗaura bel a layi na uku. Bel ɗin bai tsinke ba, tare da bencin ya tafi da shi.

Na je na ga motar a harabar ofishin 'yan sanda washegari. Bol ɗin duk suna nan lafiya, ko lanƙwasa ba su yi ba. Kowane yana ɗauke da wosharsa da ɗan guntun daɓe a maƙale.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Motar da ke gudun kilomita 40 ta tsaya cikin rabin mita, duk abin da ke cikinta nauyinsa kan ninka kusan sau 12 a wannan ƙiftawar ido. Mutum huɗu masu kilo 280 sun zama sama da tan uku. Wannan shi ne abin da ya faɗa wa majinginar da ke tsaye a kan bol huɗu. Don irin wannan ne ƙa'idar Amurka ta ce kujerar mota ta iya jure ƙarfin da ya ninka nauyinta sau 20, ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 14 kuma ta ce a gwada maɗaurin bel na ƙaramar mota da jan da ya kai kimanin kilo 1,350 a kafaɗa da wani kamarsa a cinya, a lokaci guda, na ƙananan bas kuma da rabin haka.

Fabrairu zuwa Maris 2024: jinya da sulhu

Motar ta yi mako uku a tsare. Bai nufi kamfanin inshora ba, domin shi a saninsa takardar inshora ta nuna wa jami'ai ce a hanya. Shugabannin tasha da dattawan unguwa suka shiga tsakani, aka yi sulhu a kan ya ɗauki kuɗin jinya. An yi wa ɗalibin aiki aka sa masa ƙarfe a cinya, dattijon kuma 'ya'yansa suka kai shi wurin mai ɗori. Abin da ya kashe a jinyar mutum ukun, da gyaran gaban mota, da mako bakwai da ya yi ba aiki, ya cinye duk abin da kujeru huɗun suka kawo masa a wata bakwai, ya bar shi da bashi.

Mahaifin ɗalibin bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Abin da kawai ya ce a wurin sulhu shi ne, "Ƙaddara ta riga fata, amma ka gyara motarka kafin ka ɗauki ɗan wani."

Afrilu 2024: gyaran da ya riƙe

Niyyarsa ta farko ita ce a mayar da bencin a ƙara musu ƙarfi. Na kai shi wurin wani tsohon fanalbita da ya yi ƙuruciyarsa a kamfanin haɗa motoci na Kaduna. Tsohon ya kwanta a ƙarƙashin motar da tocila ya daɗe, da ya fito ya ce, "Ɗana, in waɗannan za a mayar, nemi wani. Ni ba da hannuna ba."

Direban ya ce, "Baba, kujera huɗu fa abincin gidana ne."

Tsohon ya ce ya sani, ya kuma lissafa masa abin da zai iya yi. Aikin ya ɗauki kwana tara.

Da farko ya yanke duk inda ya tsage ko ya ruɓe a daɓen, ya sa sabon faifai, bayan ya sauke tankin mai ya kuma kare bututun birki. Ya shafe ƙasan da fenti mai hana tsatsa. Sannan ya bi ramukan kamfani ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu suna nan a toshe da datti, uku ne zafin walda ya lalata zarensu. A waɗannan ukun ya sa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 4 da faɗin santimita 8 ta ƙasa, a jikin ƙarfen da ya gitta, ya goge kusurwoyinsa suka zama masu lanƙwasa don kada su yanki daɓen idan aka ja su.

Kujerun kamfani kuwa a Kasuwar Ƙofar Ruwa aka samo su, daga wata bas irin tasa da aka farke saboda inji. Kuɗinsu ya kusa ninka abin da ya sayar da nasa wata tara baya. Tsohon ya ƙi duk bol ɗin da ba shi da lamba a ka, sai mai 8.8 ko 10.9, lambobin da ke nuna ƙarfin bol. Na bel kuma ya dage sai irin nasu na asali masu zaren inci 7/16, domin bol na gama-gari yakan shiga ramin kamar ya zauna, alhali zaren bai kama ba. Ya zare kowane bel har ƙarshe yana duba zaizaya da ƙuna, ya fizge shi ya ga ko zai kulle. Biyu ya jefar. Aka sake sifirin baya da tayoyi biyu, ƙofar baya ta koma tana rufuwa, aka kai motar VIO aka sabunta takarda a kan mutum 15.

Mayu 2024 zuwa yau

Kuɗin sawu ya ragu da kujera huɗu cikin 18, sama da kashi ɗaya cikin biyar, kuma kafin ƙarshen 2024 litar fetur ta haura naira 1,000. Watannin farko sun yi masa tsanani ƙwarai. Abin da ya rage masa zafi uku ne. Wurin kaya da ya dawo ya ba shi damar karɓar saƙon 'yan kasuwa zuwa Zariya. Motarsa ta fi saurin cika, har wasu fasinjoji, musamman mata da dattawa, kan jira ta. Sannan ya fara samun shata, ta 'yan biki da ta wata makaranta da ke kai ɗalibai ziyara, waɗanda sai da suka duba bel kafin su yarda. Tayoyin baya kuma sun daina cinyewa da wuri. Duk da haka, idan aka bi littafinsa, abin da yake komawa gida da shi bai kai na watannin kujeru 18 ba.

A watan Oktoba 2024 shanu suka faɗo masa hanya kusa da Tashar Yari, ya taka birki iya ƙarfinsa, motar ta tsaya ba ta taɓa komai ba. Wannan ba karo ba ne, don haka bai isa ya zama gwajin kujeru ba. Amma ya nuna bambancin birki a motar da ke ɗauke da nauyinta na ƙa'ida.

Abin da na fahimta daga lamarin

Gyare-gyaren nan uku sun gaza ne saboda kowane abin da ido ko kunne ya kama yake magancewa: na farko tsaga, na biyu ƙara, na uku idon jami'i. Babu wanda ya tambayi inda ƙarfin zai bi ranar da motar ta tsaya farat ɗaya. Na tsohon fanalbita ya riƙe ne saboda ya mayar da wannan hanya yadda take: daga jikin mutum zuwa bel, daga bel zuwa kujerar da aka gwada, daga ita zuwa ƙarfe mai kauri. A ganina na ukun ya fi muni, domin ya sa yaro ya ɗaure kansa da abin da ba zai tsaya ba, yana ganin ya bi doka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, amma bel ɗin da ke da maɗauri na gaskiya take nufi.

Direban yana da laifi, an faɗa masa ya ƙi ji, shi ma bai musa ba. Amma ba zan ɗora masa shi kaɗai ba. Muddin tasha za ta yanka kuɗin mota a kan lissafin mutum 18, to mai ɗaukar 14 shi ake hukuntawa kullum, tarar naira 10,000 kuma kuɗin kujerun nan huɗu na yini ɗaya ya biya ta. Mai waldar ma ba mugu ba ne, ƙofa da gadon ƙarfe aka koya masa, babu wanda ya taɓa nuna masa abin da karo ke yi wa siririn faifai. Duba takardar lafiyar mota kuwa, in ba a tsuguna an leƙa ƙasa ba, ba zai gano woshar da ta kai faɗin kwabo ba.

Ɗalibin ya koma makaranta bayan ya rasa zango guda, har yanzu yana ɗan ɗingishi idan ya yi doguwar tafiya. Direban saura kaɗan ya gama biyan bashin. Tsofaffin bencin kuwa wani abokin aikinsa ya taya su da daraja, ya hana. Ya sa aka yayyanka su, ya sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli.